Ƙwaryar da Kika Ɓoye a Ɗankaza

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya take yi wa uwa a durƙushe, ina roƙon Allah ya sa kina kwance cikin rahama, ya sa makwancinki ya fi ɗakinki na Kausani yalwa da sanyi. Mu nan muna lafiya. Jikokinki sun girma, Sani ƙanena ya yi furfura a gemu, yana ta musu wai gado ne ba tsufa ba.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike, kuma ko kina raye sai an karanta miki ita. Na kuma san ɗalibaina da abokan aikina za su leƙo su karanta, tunda a fili na ajiye ta. Su karanta, ai ya shafe su. Shekara biyar da rasuwarki, ban taɓa bukatar ki zauna ki saurare ni kamar wannan makon ba.

Ga abin da ke tafe da ni. An ba ni kujerar farfesa, Inna. Saura mako uku in tsaya gaban jama'a a jami'armu ta nan Wudil in yi laccar da kowane sabon farfesa yake yi, inda yake faɗin abin da ya gano a rayuwarsa ta bincike. An fitar da anko, Sani har ya yi maganar motar da za ta kwaso 'yan'uwa daga gida. Ni kuwa na gano cewa aikin da ya fi ɗaga sunana ba daidai yake ba, kuma da hannunki a ciki. Har yanzu ban san ko fushi zan yi da ke ko godiya ba.

Bari in faro daga farko, ko na gane inda na ɓata.

Na buɗe ido na gan ki kina daddawa. Kalwa ta yini tana tafasa a babbar tukunya, a surfa ta da toka a turmi, a wanke a kwando har ɓawon ya fita, a sake dafawa. Sai ki juye ta da zafinta cikin ƙwaryar nan taki, ki rufe da ganye da tsummoki, ki tura ta ƙuryar ɗaki. Kwana uku ba mai taɓa ta. Ranar da aka buɗe, in kin ɗaga hannu kin ga yauƙi yana bin yatsunki, sai ki ce, “Ta yi.” Daga nan sai kirɓi da mulmula da shanya, masu saye kuwa tun ba ta bushe ba suke aiko da kwanukansu.

Ƙwaryar ta girme ni, ta ma girme ki, don wajen mahaifiyarki kika gaje ta. Cikinta baƙi ƙirin, gefenta ya tsage gyartai ya ɗinke har sau biyu. Ba ki taɓa yarda sabulu ya taɓa ta ba. Ranar da na ɗauke ta zan haɗa da wanke-wanke, ina 'yar shekara tara, ban san kina da saurin tashi haka ba. Kika fizge ta kika ce, “Ƙwaryar daddawa ba ta son sabulu. A goge a kife, shi ke nan.”

Kuma ba kya rowa da ita. Duk macen da za ta fara sana'ar sai ta zo wurinki. Ki buɗe ƙwaryar ranar kwana uku, ki danƙo kalwa mai yauƙi ki zuba mata a ganye, ki ce, “Je ki shafe taki ƙwaryar da wannan, Allah ya sa albarka.” Mata suna kiran abin hannun Inna. Daga Kausani har Dagumawa, da wuya a sami mai daddawar da ba ta karɓi hannunki ba, ko dai daga gare ki ko daga wadda ta karɓa a wurinki.

Ni ce 'yar fari, saboda haka ba ki taɓa kiran sunana ba. “Ke” ce ni, in a gaban mutane ne kuma “'yar nan”. Ban taɓa jin haushi ba, haka ake yi. Abin da nake jin haushi a lokacin shi ne warin. Yana shiga kayan makaranta, yana shiga littafi, 'yan ajinmu suna toshe hanci suna ce mini 'yar daddawa. Na rantse a raina zan yi karatun da zai nisanta ni da wannan ƙuryar ɗaki, in sa farar riga, in yi aiki inda komai ke ƙamshin magani.

Da na shiga jami'a na zaɓi ilimin ƙananan halittun da ido ba ya gani. Na zo hutu na yi miki bayani da iyayi, kina tsince kalwa ba ki ko ɗago kai ba. Sai kika ce, “Wato duk wannan karatun na abin da ba a gani ne? To, Allah ya sa a ga amfaninsa.” Na ji zafin maganar, ke kuwa addu'a ce kika yi.

Abin dariyar, karatun da na gudu gare shi shi ne ya dawo da ni ƙuryar ɗakinki. Lokacin digiri na biyu malamina ya tambaye ni me ake yi a garinmu da ke ruɓewa ya zama abinci. Cikin kunya na ce daddawa. Ya ce to ga aikinki nan. Na zo gida da auduga a kan tsinke, na roƙe ki in shafi cikin ƙwaryar. Kika tsaya a kaina kamar zan sace ta, kika ce in yi a hankali wajen ɗinkin.

Ba zan manta ranar da na fara ganinsu a madubin bincike ba. Wasu 'yan sanduna ne gajeru, kamar an kakkarya tsintsiya, sun cika ko'ina. Su ne suke cin kalwa su mai da ita daddawa. Su ne hannun Inna. Iri-iri ne suka tsiro mini a farantan gwaji, sai na zaɓi ƙwaya ɗaya daga cikinsu, wadda ta fi ƙarfi da saurin girma, na ware ta ita kaɗai, sauran na ce datti ne na zubar. Na raɗa mata suna irin namu na masu bincike, haruffa biyu da lamba, na rubuta takardata ta farko a kanta. A wajen faɗin inda na samo ta, na rubuta cewa daga wata mai sana'ar daddawa ce a wani ƙauye. Ke ce watar nan, Inna. Ƙa'idar aikinmu ta yarda da haka, kunya ta 'ya ga uwa ma ta yarda, amma gaskiyar ita ce ban so a san uwata ce ba.

A wurinmu darajar mai bincike ita ce yawan masanan da suka ambaci aikinsa a cikin nasu. An ambace ni, Inna, an kuma ambata. Na sami aiki a nan Wudil, na yi digiri na uku, aka fara ce mini Dakta. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga Sakkwato da Maiduguri da Yola, har daga Nijar, wai suna son su yi aiki a ƙarƙashina. Wasunsu yanzu suna koyarwa, suna faɗa wa nasu ɗaliban abin da na faɗa musu. Masana daga wasu ƙasashe suka rubuto suna roƙon in aika musu da ƙwayar su gwada. Kowa na ba shi uzuri: yau takardun izini, gobe hanya ba kyau. Rowa ce kawai. Ina tsoron wani ya gano a jikinta abin da ban gano ba.

Sai babban aikin ya zo. Na busar da ƙwayar na mai da ita gari, na ƙulla a 'yan ledoji. Tunanina shi ne mata su bar tsohuwar ƙwarya, su koma kwanon silba da ake wankewa da sabulu da ruwan zafi, su barbaɗa garin nan, su sami daddawa mai tsabta. Ba shirme ba ne gaba ɗaya. Na gwada daddawar kasuwa na ga wasu suna ɗauke da ƙwayoyin da ke sa gudawa, kuma na san yaran da ke cin miyar. Niyyata mai kyau ce, wannan ko gaban Allah zan faɗa.

Kin tuna ranar da na tara mata a tsakar gidanmu? Na tsaya da farar rigata ina bayani, ke kina zaune can gefe a kan turmi da aka kwantar. Na ɗaga kwanon silba sama na ce daga yau an daina ƙwarya, kuma a nan gidan za a fara gwadawa, kowa ta zo ta gani da idonta. Ban shawarce ki ba kafin in faɗa. Da mata suka watse na ba ki kwanon da ƙullin gari, na ce ki saba da su kafin in dawo mako mai zuwa. Abin da kika ce kawai shi ne, “To.”

Da na dawo ban ga ƙwaryar a inda ake kife ta ba. Ban tambaya ba. Daɗi ma na ji, na ce a raina Inna ta waye.

Haka muka yi ta gwaji, damina da rani. In zo da safe, in wanke kwanon da hannuna, ki juye kalwa, in auna gari in barbaɗa, mu rufe, in ja ƙofar ɗakin, in shiga mota in koma Wudil. Ranar kwana uku in dawo. Ko sau ɗaya ba ta ƙi ba. Yauƙi har gwiwar hannu, ƙamshi kuwa har zaure. Na ba tsofaffin da suka san daddawarki suka ɗanɗana, suka kasa bambanta ta da ta da. Na rubuta a mujallar masana cewa ƙwaya guda ɗaya da kwano mai tsabta sun wadatar, ƙwarya al'ada ce kawai. Wannan takardar ita ce ta buɗe mini ƙofofi. Ita aka fi ambata, ita ce kuma a saman jerin da aka duba aka ba ni kujerar nan.

Ba wai ba a yi mini hannunka mai sanda ba. Ladidi ta Dagumawa, wadda ta karɓi hannunki tun tana amarya, ta tare ni a wani taro ta ce, “Dakta, ni fa tawa ba ta yauƙi sosai, kuma miya ba ta jin ta.” Na ce mata a gaban mata ta duba tsabtar hannunta da ruwan da take amfani da shi. Wasu suka yi dariya, ita ta sunkuyar da kai. Wani masani daga wata ƙasa ya rubuto cikin ladabi cewa ya bi hanyata da irin ƙwayar da ke wurinsu bai sami abin da na samu ba. Na amsa masa cewa yanayin ƙasarsu ne, kuma ƙwayarsa ba tawa ba ce. Ya ce to in aika masa da tawan. Ban sake amsa masa ba.

Sai kika rasu. Daga baya aikin rabon garin ya tsaya, na koma koyarwa da zaman kwamiti. Ƙwayar tana nan a daskare cikin wata firiza da na saya da kaina, na ajiye a ofishina, na riƙe makullin ni kaɗai. Bana na yi wata guda ina jinyar surukata a Kano, firizar ta lalace ba wanda ya sani, tunda ba mai shiga. Da na buɗe ta, komai ya narke, takardun suna sun saɓule, fumfuna ta rufe kwalaben. Na yi ta ƙoƙarin farfaɗo da ita, abin da ke tsirowa daban ne. Shekara ashirin na aiki, kuma babu kwafinta a hannun kowa a duniya, don ban ba kowa ba.

Ga lacca ta matso, na riga na yi alkawarin zan nuna ta da rai a madubi, jama'a su gani. Sai na ce ai mai sauƙi ne, in je gida in nemi ƙwaryar wata da ta karɓi hannunki in sake shafowa. Na bi Kausani gida-gida. Duk inda na shiga, bayan an gaisa an yi mini barka da ƙarin girma, amsar ɗaya ce: “Ai ke kika ce mu yar, Dakta.” Wata ta ce tata kaji suka sha ruwa a ciki har ta fashe. Wata ta ce ta hura wuta da ita. Na tsaya a bakin hanya na rasa wa zan zarga. Maganata ta yi tasiri, irin tasirin da kowane mai bincike yake fata, ga kuma abin da ta haifar.

Sani ne ya ce, “Yaya, ki je Ɗankaza wajen Goggo Tabawa. Ita tunda take ba ta taɓa jin maganar kowa ba, balle taki.”

Kin san Goggo, ƙanwar Baba kuma aminiyarki. Ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma bakin yana nan yadda kika bar shi. Muka gaisa, ta tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya, ta yi mini faɗan rashin zumunci son ranta. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta dafa bango ta shiga ɗaki, ta fito da abu a rungume. Tun kafin ta ajiye na gane ɗinkin gyartan nan guda biyu. Ta ce, “Sai yanzu? Ni na ɗauka zan mutu ban sauke amanar nan ba.”

Ita ta ba ni labarin da ba ki taɓa ba ni ba. Ta ce a makon nan da na bar miki kwano da gari, kin gwada ke kaɗai. Ranar kwana uku kika buɗe kika tarar da abu lami, yauƙin kaɗan, ƙamshin bai kai ba. Kika haƙa rami a bayan ɗaki kika binne. Washegari kika rufe ƙwaryar da mayafi kika kai mata Ɗankaza. Daga ranar, duk lokacin da na sa ranar gwaji, sai ki aika mata ta dafa kalwa a ƙwaryar tun da wuri. Ana gobe zan zo ki je ki ƙullo danƙi guda a ganye. In na barbaɗa garina, na ja ƙofa, ƙarar motata ta ɓace, sai ki buɗe kwanon ki tura ƙullin can tsakiya ki mayar da rufi.

Goggo ta ce ta yi miki magana, ta ce ki gaya mini gaskiya mana. Kika ce mata, “Yarinya ta tara mata ta yi magana a gabansu. Ba zan bari ta ji kunya ina raye ba.”

Inna, me kika yi mini haka?

A aikinmu doka ta farko ita ce kada wani abu ya shiga cikin gwaji ba a rubuta shi ba. Ƙullin nan naki ya rushe takardar daga tushe. Abin da na ce garina ya yi, ƙwaryarki ce ta yi shi. Na hau mota daga Ɗankaza ina huci, ina ce miki a raina da kin bar ni na ji kunyar yini ɗaya a gaban matan Kausani, da ban zo ina fuskantar ta duniya ba. Kafin in iso gadar Wudil fushin ya juye ya zama kuka, har sai da na tsaya a gefen titi. Mace mai ciwon gwiwa, tana takawa har Ɗankaza ta dawo, damina da rani, don kada a yi wa 'yarta dariya. Wa zan yi fushi da shi a nan?

Kuma in zan faɗi gaskiya, ke ba ki san dokar ba, ni na san ta. A ɗakin gwaji garin bai taɓa ba ni daddawa irin ta gidanki ba. Na gani, na ce ai ƙwarewar hannu ce da ɗumin ɗakin ƙasa, na kau da kai. Mai bincike na gaske zai kwana uku a gidan yana gadin kwanonsa. Ni ban taɓa kwana ba. Na ce aiki ya yi mini yawa, alhali warin nan ne har lokacin nake gudu. Da na zauna, da ko dai na kama ki, ko kuma kin gaya mini da bakinki.

Ga wani abin da ya ƙara ɗaure mini kai. Na shafo ƙwaryar na shuka a faranti. Ƙwayata tana nan da ranta, Inna, ta yi kwance a cikin tsagar ɗinkin duk shekarun nan. Amma ba ita kaɗai ba ce. Tare take da waɗansu iri uku ko huɗu, su ne waɗanda na kira datti na zubar tun ina ɗaliba. Na haɗa su na gwada a kwanon silba, sau biyu kawai, bai isa a kafa hujja ba tukuna, amma da na buɗe sai da na waiga, don na ji kamar kina ɗakin. Ashe aikin na taro ne. Wannan shi ne abu mafi girma da na taɓa ganowa, kuma shi ne yake ƙaryata abin da aka ba ni kujera a kansa. In yi murna ne ko in ɓuya, ban sani ba.

Na gaya wa wani abokin aikina da na yarda da shi. Ya rufe ƙofa ya ce, “Farfesa, wa ya sani? Goggonki mujalla take karantawa? Ki fito da sabon a matsayin ci gaba, tsohon ya mutu da kansa.” Ba mugu ba ne, tausayina yake ji. Ya tuna mini da ɗaliban da suka gina digirinsu a kan takardar, da masu jiran su ga na faɗi, da cewa mace ba ta samun wannan kujera da sauƙi. Duk gaskiya ne. Na kwana biyu ina jin maganarsa ta zauna mini daram. Har na fara rubuta laccar a haka, kuma ta yi kyau.

Jiya na je Dagumawa neman Ladidi. Ban san me ya kai ni ba, wataƙila so nake wani ya ce mini ba komai. Ta daɗe da barin daddawa, ƙuli-ƙuli take yi yanzu. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta rasa inda za ta sa ni don murna. Na gaya mata komai, na ce ta yafe mini, laifin ba nata ba ne. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ce, “Allah sarki, Dakta. Ni fa na ɗauka da gaske ƙazama ce ni. Wanke hannu na yi ta yi har ya tsattsage, da na ga ta ƙi sai na haƙura.” Ba ta ɗaga murya ba, har cewa ta yi Allah ya yafe mu baki ɗaya. Ni ce na kasa haɗa ido da ita.

Kin hana ni jin kunya, Inna, sai kunyar ta sauka a kan Ladidi, ta ɗauke ta shekara da shekaru ba ta san tawa ba ce. Na san da kin san haka zai faru da ba ki yi ba.

Yau da safe na aika wa masu mujallar da takarda, na bayyana abin da ya faru, na ce su yi abin da ƙa'ida ta ce, ko gyara ko janyewa. Na rubuta wa masanin nan na ce shi ne da gaskiya, kuma ya turo adireshi. Na raba ƙwayoyin kashi-kashi, duk wanda ya taɓa roƙona zan aika masa. Na sanar da shugaban sashenmu, ya cire tabarau ya ce sai kwamiti ya zauna. Ban san me zaman zai haifar ba. Ban san ko za a bar ni in yi laccar ba, ban san da wane ido ɗalibaina za su dube ni gobe a aji ba. Tun da na aika, sau uku ina buɗe saƙon ina karantawa kamar zan iya dawo da shi. Kada ki ɗauka jarunta ce.

Ƙwaryar tana gidana. Na dafa kalwa shekaranjiya na juye a ciki, maƙwabta sun fara tambayar ko wani abu ya mutu a bayan katanga. Gobe take kwana uku. Danƙin farko na Ladidi ne, in ta yarda ta karɓa. Tsabtar da na koyar ba zan janye ta ba, a wanke hannu, a tace ruwa, a rufe shanya saboda ƙuda. Amma sabulu ba zai taɓa cikin ƙwaryar nan ba.

Akwai maganar da na bari sai ƙarshe, don ita ce ta fi hana ni sukuni. Da Goggo ta rako ni zaure, ta riƙe mini hannu ta ce ranar da kika kawo ƙwaryar, da za ki tafi kin juyo kin ce, “Ki ajiye wa Bilkisu. Wata rana za ta zo nema.” Na ce, Goggo, haka ta faɗa, da sunan? Ta ce, “Da sunan. Ni ma sai da na dube ta.”

Shekara arba'in da wani abu muna tare ban taɓa jin sunana a bakinki ba, ashe kin faɗe shi sau ɗaya, a zauren Goggo, a kan ƙwarya. Ni kuwa na rubuta takardu sun fi a ƙirga da yatsu, naki bai fito a ko ɗaya ba. In an bar ni na hau mumbarin laccar nan, zan ɗora ƙwaryar a kan tebur in faɗi abin da ya faru tun daga ƙullin ganye. Sannan zan faɗi sunanki cikakke, da na mahaifiyarki da ta bar miki ita. Na san 'ya ba ta kiran sunan uwa a bainar jama'a. Ki yi haƙuri, sau ɗaya ne, kamar yadda kika yi.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Ya yafe miki ƙullin nan, don ƙauna ce ta sa ki, ya yafe mini kau da kai, don girman kai ne ya sa ni. Ya saka miki da kowace tukunyar miya da hannunki ya gyara, ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da iyayenki a Aljanna. Ya ba Goggo lafiya, ya sanyaya zuciyar Ladidi. Ni kuma ya ba ni ƙafar tsayawa ranar nan, ko a kan mumbari ko a gaban kwamiti. Amin.

Taki har kullum,
'yar nan,
Bilkisu.